Gilashin VR a gidan gem: zai iya mayar da kuɗinsa kuwa?

Abba Mai Gem ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, musamman daga wanda ya taɓa mallakar abin nan ya zauna da shi, ba kallon bidiyo kaɗai ba.

Ina da gidan gem a nan Kano, shago ɗaya ne. PS5 biyu, PS4 uku, kowacce da talabijin ɗinta a bango, sai benci biyu na masu jiran layi. Kasuwata kusan duk ƙwallo ce, FC da eFootball, sai Mortal Kombat da GTA jefi-jefi. Wasa ɗaya a PS5 naira 300 nake karɓa, a PS4 naira 200. In an ɗauke wuta inji nake tayarwa, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 babban kaso na ribar can yake tafiya.

Yayana da yake zaune a Amurka zai zo ganin gida. Ya ce in zaɓi abu ɗaya na sana'a ya taho min da shi, in riƙa biyansa a hankali. Abin da ya kwanta min a rai shi ne gilashin VR, wanda ake ɗaura wa a fuska mutum ya ga kamar yana cikin gem ɗin. Yaran da suke zuwa wurina sun dame ni da tambayarsa, suna gani a TikTok mutum ya rufe fuska da abu yana ta kai sara a iska, kuma duk unguwarmu babu mai shi. Ina ganin wanda ya fara kawowa shi zai ja kasuwa.

Na ɗan bincika, guda biyu na tsaya a kai. Akwai Meta Quest 3S, wanda ya fito a Oktoban 2024 a kan dala 299, shi ba ruwansa da kwamfuta ko PS, komai yana cikinsa. Sai PlayStation VR2, da ya fito a Fabrairun 2023 a dala 549, daga baya a Maris ɗin 2025 Sony ta sauke shi zuwa dala 399. Shi a jikin PS5 ake jona shi, wadda dama ina da ita. In na ɗauki dala a naira 1,500 don sauƙin lissafi, na farkon ya kama wajen dubu 450, na biyun wajen dubu 600. A wurina wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne, da ɗan ciko sai in ƙara PS5 ta uku.

To wanne ya fi dacewa da shago irin nawa? Bayan kuɗin sayen, me zai ƙara ci min? Kuma da gaske ne yana sa jiri da amai? Don Allah a faɗa min har da abin da ba zan so ji ba.

Sadiq_Jos ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Oga Abba me zai kai ka kashe dubu ɗari huɗu? Akwai VR Box a kasuwar waya, wanda ake zura waya a ciki, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Ka sayi guda biyar ka gwada da su tukuna, in yara sun karɓa sai ka sayi babban.

Baban Hanif ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malam Abba. Allah ya yi wa sana'a albarka.

Bari in fara da maganar Sadiq don kada ta ruɗe ka. Wancan kwandon roba ne da gilasai biyu, wayarka ce take yin komai. Yana gane ka juya kai hagu ko dama, amma bai san ka sunkuya ko ka matsa gaba ba, kuma babu hannayen da ake riƙewa a buga gem da su. Kallon bidiyo ake yi da shi, ba wasa ba. Google ma da ta fito da wannan tsari ta kwali a 2014, ta kuma yi wani irinsa mai suna Daydream, ta rufe Daydream ɗin tun 2019. In ka gwada kasuwa da shi, yaro zai sa sau ɗaya ya ce ashe abin ba komai ba ne, ka ɓata sunan na gaskiyar tun bai iso ba.

Ni Quest 2 gare ni, wanda ya riga 3S fitowa, kuma har yau ina jin daɗinsa, musamman wasan tebur tenis da dambe, don zufa nake haɗawa sosai. Ba ƙin abin nake ba. Amma na gida daban, na shago daban.

Dala 299 da ka gani kuɗin kwali ne kawai. Na farko, farashin Amurka ba a haɗa shi da harajin saye, sai a wurin biya ake ɗorawa, kuma kowace jiha da nata, sai 'yan kaɗan irin Oregon da Delaware da ba sa karɓa. Ka tambayi yayanka ta inda yake. Na biyu, maɗaurin da yake zuwa a kwalin na yadi ne mai laushi, gilashin kuma gram 514 ne, rabin kilo da ɗoriya, duk nauyin a gaban fuska. Mutum ɗaya a gida zai iya lallaɓawa da shi. A shago kuwa, inda za a cire daga kan wannan a sa wa wancan, dole ka sayi mai tauri wanda ake ɗaurewa da murɗawa ta ƙeya. Na kamfanin dala 70 ne, mai batir a jiki dala 130. Akwai na wasu kamfanoni kamar BoboVR da suka fi araha, kuma suna aiki.

Batir ɗin nan ba zaɓi ba ne a wurinka. Cajin gilashin awa biyu ne zuwa biyu da rabi, in wasan mai nauyi ne ma bai kai ba, sannan cika shi yana cin kusan awa biyu. Ka duba lokacin kasuwarka, daga la'asar zuwa goman dare. Ba tare da ƙarin batir ba, rabin lokacin yana jikin soket. Hannayen biyu kuma kowanne batir ɗan yatsa ɗaya yake ci, sai ka tanadi masu caji.

Sai gem. Nan ne mutanenmu suka fi shan mamaki. A Quest babu faifai. Ba za ka je kasuwa ka sayi na hannu ba, ba za ka yi musaya da maƙwabcinka ba, in ka gaji da shi ba za ka sayar ba. Komai a kantin Meta na intanet ake saya, da dala, a kan asusunka. Beat Saber, wancan na saran da yaranka suke gani, dala 30 ne. Manyan suna kaiwa 40 zuwa 60. Akwai na kyauta irin Gorilla Tag, amma su intanet suke so kullum. Sannan Najeriya ba ta cikin ƙasashen da Meta take sayar da na'urar a hukumance, saboda haka ka shirya yadda za ka riƙa biya tun kafin ta iso, kuma ka san in ta samu matsala garantin can Amurka yake, sai an mayar da ita. Abu ɗaya mai kyau, in ka sayi gem bai yi maka ba, suna mayar da kuɗi matuƙar ba a wuce kwana 14 ba kuma ba ka buga shi awa biyu ba. Data ma ka sa ta a lissafi, Asgard's Wrath 2 kaɗai ya haura giga 30. Kuma a ƙa'ida, gem ɗin da ka saya a asusunka na amfanin kanka ne, gidajen VR na ƙasashen waje lasisin kasuwanci daban suke biya.

In ka haɗa haraji, maɗauri mai batir, gem huɗu, murfin fuska na roba da batiran hannu, ka kama dala 500 cikin sauƙi. A lissafinka dubu 750 ke nan, ba 450 ba.

Yanzu fili. Don wasan tsaye, abin da kamfanin ya ba da shawara shi ne mita biyu tsawo, mita biyu faɗi, babu komai a ciki. Babu benci, babu yaro a tsugune yana kallo. Wanda ya sa gilashin ba ya ganin ɗakin, hannu yake kaiwa da iyakar ƙarfinsa, ga talabijin biyar a bangonka. Ka ɗaga kai kuma ka dubi fankar sama, domin wasanni da yawa suna sa mutum ya miƙa hannu sama ko ya yi tsalle. Hannu ɗaya in ya fashe, sabonsa wajen dala 75 ne, kuma ba a Kano za ka same shi ba.

Duk waɗannan kuɗi ne da dabara za su iya magancewa. Wanda nake so ka zauna ka yi wa tunani shi ne wannan: me yake kawo mutane shagonka? Ba kyan hoto ba ne. Musu ne. Wane ya ce zai ci wane, abokai sun tsaya a baya suna ihu, wanda aka ci ya ce a sake, ya zaro wata ɗari ukun. Wannan "a sake" ɗin shi ne ribarka. A VR mutum ɗaya ne a ciki, shi kaɗai, ba ya ganin kowa. FC ba shi da VR. eFootball babu. Call of Duty babu, Mortal Kombat babu. GTA San Andreas an sanar a 2021 cewa zai zo Quest 2, a 2024 Meta ta ce an jingine aikin. Akwai ƙananan wasannin ƙwallo na sa kai da tsaron raga, amma ba su ne abin da yaranka suke nufi da ƙwallo ba. A Quest ma kafin 'yan kallo su ga abin da mai wasa yake gani sai ka tura hoton zuwa waya ko talabijin ta Wi-Fi, in ba haka ba mutum kawai za su gani yana dukan iska.

A ce minti goma naira 500. Tsakanin sa wa mutum, daidaita masa, koya masa maɓallai da goge zufa, mutum huɗu za ka samu a awa, naira 2,000. Ya fi abin da PS5 take kawowa a awa, gaskiya ne. Amma sai mutum 1,500 sun sa kafin dubu 750 ta dawo, kuma dole wani ya tsaya a kansa duk lokacin, alhali PS kunna musu kawai kake ka koma kujerarka. Makon farko za ka ga layi har waje. Abin tambaya shi ne mutum nawa ne za su dawo karo na biyar. A gidana, baƙi kowa yana so ya gwada, ana dariya ana ɗaukar bidiyo, amma waɗanda suke sake tambayarsa in sun dawo ba su da yawa.

Abba Mai Gem ya rubuta:

Baban Hanif Allah ya saka da alheri, ka buɗe min ido a kan maganar faifai, na ɗauka kamar PS ne. Na auna shagon da tef bayan na karanta. In ban fitar da benci ɗaya da PS4 ɗaya ba, mita biyu ba za ta fita ba, kuma fankata ƙasa-ƙasa take.

To wasan zaune fa? Na ga ana tseren mota da shi. In mutum yana kan kujera ai maganar fili da fanka ta kau. Akwai wanda ya san na Sony ɗin?

Mubarak_Coventry ya rubuta:

Yaya Abba ni na Sony ɗin, PSVR2, nake da shi a nan Ingila, kuma a ganina Baban Hanif ya ɗan tsananta, duk da lissafinsa daidai ne.

In dai tseren mota ne, Gran Turismo 7 a cikin gilashin nan wani abu ne daban. Kana zaune a cikin motar, ka waiga ka ga wanda yake ƙoƙarin wuce ka, ka leƙa madubin gefe, ka ga kwana tun kafin ka iso ta. Kusan duk wasan ana yinsa a VR, ban da na mutum biyu a talabijin ɗaya, kuma in kana da gem ɗin ba sai ka ƙara ko sisi ba. Resident Evil Village da Resident Evil 4 su ma haka, ɓangaren VR ɗinsu kyauta ne ga mai gem ɗin. Fuskar ciki OLED ce, baƙi yana fitowa baƙi ƙirin, shi ya sa wasan tsoro yake kama mutum. Kuma abubuwa biyu da suka dace da shago: gilashin ba shi da batir, daga PS5 yake shan wuta, sannan abin da mai wasa yake gani yana fitowa a talabijin kai tsaye, ba sai ka haɗa komai ba. Ka ga masu kallo sun samu abin yi wa ihu. Ka rubuta lokacin da kowa ya yi a zagaye ɗaya a allo, wanda ya fi sauri a mako ka ba shi wasa kyauta. Musun da Baban Hanif yake magana a kai ya dawo ke nan.

Amma ga inda gizo yake saƙa. Duk lokacin da mutum ɗaya yake cikin VR, PS5 ɗaya daga cikin biyunka ta tashi daga aikin ƙwallo, a daidai lokacin da ake layinta. Dole ka cire wannan daga ribar. Sannan tuƙi da hannun PS ba ya ba da abin da ake nema, sai da sitiyari da feda, irin Logitech G29, da kujerar da za a ɗaure su, wannan wani kuɗin ne mai kauri. Gran Turismo 7 kuma yawancin sassansa sai da intanet. Waya ce mai tsawon mita huɗu da rabi take haɗa gilashin da PS5, a manne take a jikinsa, ba irin wadda za ka zare ka sayi wata a kasuwa ba ce, in yaro ya taka ta ya fizge ka shiga uku. Kuma in wuta ta ɗauke PS5 ta mutu, mutum yana tsakiyar gudu duhu zai rufe shi. Sai da inbata ko UPS.

Abin da ya fi damuna a matsayin mai shi shi ne gaba. Ya fito ya fi PS5 ɗin kanta tsada, dala 549 a lokacin da ita take 499. Gem ɗin PSVR na farko, na 2016, ba sa aiki a kansa. A Maris ɗin 2024 Bloomberg ta ruwaito cewa an dakatar da ƙera shi saboda kaya sun taru ba a saya ba, a Agustan shekarar kuma Sony ta fitar da abin jona shi da kwamfuta a dala 60. Beat Saber, wanda Meta ta sayi kamfaninsa tun 2019, ya daina samun sabbin abubuwa a PlayStation daga 2025. Don haka in za ka saya, ka saya don gem ɗin da suke nan yau, kada ka sa ran wasu manya suna tafe.

Maman Ilham ta rubuta:

Salam. Ƙanena Abba, ni ban san gem ba, amma a sashen ido na asibiti nake aiki, kuma tambayarka ta jiri ba a amsa ta ba.

Da gaske ne. Can cikin kunne akwai abin da yake gaya wa ƙwaƙwalwa ko jiki yana motsi. In ido ya ce ana gudu, kunne ya ce a zaune ake, sai jiki ya rikice: zufa mai sanyi, hamma, jiri, tashin zuciya, wani har amai. Ciwon da yake kama wasu a mota ne, sai dai a juye. Mutane sun bambanta ƙwarai, wani ba ya jin komai, wani minti biyar ya ishe shi, kuma abin yana iya bin mutum awanni bayan ya cire. Wasan da mutum yake tsaye wuri ɗaya abubuwa suna zuwa gare shi ya fi sauƙi. Wanda ake tafiya ko tuƙi a ciki, kamar motar da Mubarak ya kwatanta, ya fi tayar da shi ga sabon shiga. Duk wanda ya ce ya fara jin wani iri, a cire masa nan take, kada a ce ya daure ya cinye kuɗinsa. Kuma kada ya hau babur sai ya dawo daidai. Wannan ka riƙe shi da kyau, don na san yawancin samarin da babur suke zuwa.

Sai shekaru. Sony ta ce nata ba na 'yan ƙasa da shekara 12 ba ne. Meta da 13 ta sa, a 2023 ta sauko zuwa 10 amma da asusun da iyaye suke kula da shi. Wani dalilin shi ne tazarar da ke tsakanin idanu biyu. Ta babba wajen milimita 63 ce, ta yaro ba ta kai ba. Quest 2 da 3S matsayi uku kawai suke da shi, 58 da 63 da 68. In bai dace da idon mutum ba, hoto zai yi dishi-dishi, ido ya gaji, kai ya yi ciwo. Mai sa tabarau na magani kuma da tabaransa zai sa, gilashin ba ya gyara gani. Mai farfaɗiya kada ya sa sai da izinin likita, gargaɗin yana rubuce a takardarsu.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne tsafta. Soson da yake taɓa fuska yana shan zufa, ga zafinmu na bazara. Lokacin da afolo yake yawo, daga hannu da tawul da duk abin da ya taɓa ido yake bi. Mutum talatin su sa abu ɗaya a fuska a yini, in ɗaya yana da shi ka raba wa unguwa, kuma sunan shagonka za a kira. Ka sa murfin roba wanda ake gogewa, ka goge bayan kowane mutum, wanda idonsa ya yi ja ka ba shi haƙuri ko da kuɗinsa a hannu.

Injiniya Sani ya rubuta:

Ni gyaran waya da gem nake yi. Kaɗan ne suke zuwa hannunmu, amma kusan duk matsalarsu iri ɗaya ce.

Rana ita ce ta farko. Gilasan ciki suna tattara haske wuri ɗaya, in rana ta faɗa musu kai tsaye ko na ɗan lokaci ne sai ta ƙona fuskar ciki, tabo ya zauna har abada. An kawo min wani da aka ajiye a kan tebur kusa da taga, ba abin da na iya yi masa, kuma garanti ba ya ɗaukar wannan. Ta biyu ƙura. Hunturu yana shiga sandar hannu ta fara tafiya da kanta, irin yadda hannun PS yake yi, sai dai na PS muna da kayansa a kasuwa, wannan kuwa sai an yi oda an jira. Ta uku gogewa da gefen riga ko da sanitaiza. Gilasan roba ne, suna karcewa, busasshen ƙyalle mai laushi na tabarau kawai ake sa musu.

Wani abu kuma, kyamarorin jikinsa da hasken ɗaki suke gane inda mutum yake. In shagonka irin mai duhun nan ne da ake kashe fitila don talabijin ta fito, sai ka ƙara haske.

In wani ya kawo maka na hannu da araha, kada ka biya sai ka sa a fuskarka ka buɗe farin shafi ka duba tabo, ka gwada hannayen biyu, kuma mai shi ya goge asusunsa a gabanka. In ba haka ba kifi a ruwa ka saya.

Baban Hanif ya rubuta:

Mubarak, dabarar allon lokaci ta yi, ban yi tunaninta ba, kuma ita ce hanya ɗaya da na ga za ta sa a riƙa dawowa. Sai dai ka haɗa kuɗin: gilashi, sitiyari, kujera, inbata, da PS5 da aka cire daga ƙwallo. Ya haura miliyan. Wannan sabon reshen sana'a ne, ba ƙarin kaya ba.

Malam Abba, game da na hannu da Injiniya ya ambata, ka kula da shekarun na'ura. Quest na farko ya fito a 2019, kafin shekara biyar an daina yi masa sabbin abubuwa. Quest 2 an daina sayar da shi a 2024, kuma Batman: Arkham Shadow da ya fito a shekarar ba ya hawa kansa. Masu gilasan Windows Mixed Reality kuwa Microsoft ta sanar da janye tsarin a Disambar 2023. Arahar Quest ɗin ma kamfanin ne yake tallafa mata, sashen Meta da yake wannan harka ya yi asarar sama da dala biliyan 16 a 2023, sama da biliyan 17 a 2024. Ranar da suka ga dama suna ƙara kuɗi, a Agustan 2022 sun ɗora dala 100 a kan Quest 2 lokaci guda. Saboda haka yayanka ya duba farashin ranar da zai saya, kada ka dogara da wanda ka gani. Kuma duk wanda ka saya, ka yi lissafin ya biya kansa cikin shekara ɗaya ko biyu. PS4 ɗinka ta 2013 har yau tana kawo maka ɗari biyu-biyu, wannan ba zai yi irin wannan tsawon rai ba.

Abba Mai Gem ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Baban Hanif, Mubarak, Anti Maman Ilham, Injiniya, har da Sadiq. Na yi magana da Yaya. Zai taho min da hannayen PS5 guda huɗu, ragowar kuɗin in haɗa in sa batir da inbata, don in rage shan mai. VR ɗin ban fasa ba, amma ba zan ci bashin Yaya a kansa ba tukuna. Akwai wani a nan Kano da aka ce yana da Quest 3, zan nemi ya ba ni haya na kwanakin sallah, da shi da yaronsa mai kula, mu raba abin da aka samu. Zan rubuta sunan duk wanda ya sa, in ga nawa ne suka dawo. Tunda cikin shagon ba fili, ina tunanin kafa rumfa a ƙofar shago.

Injiniya Sani ya rubuta:

Rumfar kada ta zama mai buɗaɗɗen gefe. Ka zagaye ta da tamfol ta ɓangaren da rana take faɗuwa, ka fara bayan la'asar sakaliya, ka sa fitila mai haske a ciki don dare. Duk lokacin da aka cire daga kan mutum, a mayar da shi cikin jakarsa a rufe, kada a riƙe shi a hannu gilasan suna kallon sama. Kuma ku yi yarjejeniya a rubuce da mai shi tun kafin a fara, a kan wanda zai biya in hannu ya fashe ko fuskar ta ƙone.